Wasan Laraba a ajinmu na Islamiyya: daga Janairu zuwa gab da azumi

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau muka koma makaranta, kuma yau na yanke shawarar fara aikin da ya daɗe yana min yawo a rai. 'Yan aji uku nake koyarwa a Islamiyyar unguwarmu a nan Kano, yara 43, ƙaraminsu shekara 8, manyan ba su wuce 11 ba. Muna shiga bayan la'asar mu tashi kafin magariba, Asabar zuwa Laraba.

Kafin hutu mun haddace hadisi na 13 a Arba'una, wanda Anas ya ruwaito, cewa imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Na ce a maimaita, suka rera shi da Larabci da fassara, babu wanda ya yi tuntuɓe. Ban gama cewa madalla ba sai ga yara biyu sun shaƙe juna a kan gefen tabarmar da rana ke taɓawa, saboda sanyin hunturu. Na raba su, na tambayi babban ma'anar abin da ya karanta yanzu, sai ya sake karanto min daga farko. Ya iya sarai, amma bai ga inda hadisin ya haɗu da tabarma ba.

Zan ware minti 25 na ƙarshen kowace Laraba mu yi wasa. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu da ke cikin Buhari da Muslim: ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, idan yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa har lokacin buɗa baki ya yi. Na ware naira 15,000 daga aljihuna. Shugaban makaranta ya ce in gwada, muddin karatu ba zai ragu ba.

Litinin, 6 ga Janairu

Na je Sabon Gari. Kwali huɗu 1,600, maka kala-kala 2,500, gam 700, ludo guda 1,500 don in cire ɗan ludon da 'ya'yansa, adaidaita zuwa da dawowa 800. Jimla 7,100.

Laraba, 8 ga Janairu

Dare biyu ina zane bayan yara sun kwanta. Gida 60 na zana a kan kwali biyu da na haɗa. Wasu gidajen da tsani, wasu da rami. Wanda ya faɗa gidan "ya kawar da ƙaya daga hanya" zai hau tsani, wanda ya faɗa "ya yi gulma" zai zurma rami ya koma baya. Na yanka kati 42, kowane hadisi da katinsa, domin littafin Imam Nawawi ana ce masa Arba'una amma hadisansa 42 ne. Duk wanda ya amsa kati daidai, a rubuta masa lada goma a allo. Gida na 60 na rubuta masa "Aljanna" da koren maka.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na gama rubuta katunan da hannu. Murafan lemo za su zama 'ya'yan wasa, na ludo sun yi ƙanana.

Laraba, 15 ga Janairu

Gwaji na farko. Murna kam an yi ta, har 'yan aji huɗu suka leƙo ta taga. Amma kwali ɗaya ga yara 43 bai yi ba. Shida ne suka zauna wasa, sauran suka yi musu rumfa suna ihu, na baya ba sa ganin komai.

Abu biyu suka tsaya min a rai. Wani yaro ya amsa kati a kan nasiha da gaskiya, ya amsa da kyau, an rubuta masa lada goma, kuma ina juya baya ya tura murfinsa gida biyu gaba don ya tsallake rami. Na gan shi ta gefen ido. Na biyu kuma, da lokaci ya ƙare wata yarinya tana gida na 31, sai ta fashe da kuka, wai ita ba ta shiga Aljanna ba. Na rarrashe ta na ce wasa ne, amma har na zo gida kukan nan yana kunnena.

Asabar, 18 ga Janairu

Ina shiga makaranta aka ce Malam Babba yana nemana. Na tarar da shi tare da mahaifin ɗaya daga cikin yarana, dattijo mai natsuwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ɗana ya zo gida yana ba ƙannensa labari wai a Islamiyya ana jefa ɗan ludo ana raba kati. Ni ban zo faɗa ba, na zo in ji ne. Abin da nake hana shi a bakin titi, in ji an kawo shi aji?"

Na yi masa bayanin niyyata, na nuna masa kwalin. Ya duba, ya ce niyyar ta yi kyau, amma ɗan ludon fa? Malam ya sa aka ɗauko Risala, ya buɗe can wajen ƙarshe, babin da ya haɗa mafarki da hamma da atishawa da wasan nardu, ya karanta inda Ibn Abi Zaid ya ce wasa da nardu bai halatta ba. Ya kawo hadisin Abu Musal Ash'ari da ke cikin Muwaɗɗa, cewa wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Ya ce nardu wasa ne da ake yi da irin wannan ƙwayar mai ɗige-ɗige, kuma mafi yawan malamai sun hana shi ko da babu kuɗi a ciki. Na karanta Risala, na san babin, amma wallahi da nake sayen ludon nan tunanina bai je can ba, don ina kallonsa a matsayin abin ƙirga gida kawai. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na cire shi daga yau." Na ba dattijon haƙuri, ya sa min albarka ya tafi.

Bayan ya fita Malam ya ce in zauna, akwai abin da ya fi ɗan ludon damunsa. Ya ɗora yatsa a kan gida na 60. Ya ce, "Wa ya ba ki mabuɗin wannan gida? Kuma lada goman da kike rubutawa a allo, da wane ma'auni kika auna? Hadisi na farko da kika koya musu cewa ya yi ayyuka da niyya suke. Niyyar wa kika gani?" Sai na ba shi labarin yarinyar da ta yi kuka. Ya ce to ai ita ta fahimci abin da kwalin yake faɗa, shi ya sa ta yi kuka.

Ban ji haushi ba ko kaɗan, gaskiya ya faɗa. Amma ya ƙara da cewa kada in bar wasan. Ya tuna min yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, da yadda yake tambayar ƙanen Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa. Ya ce a wannan babin na Risala ma an halatta tseren dawaki da harbin kibiya.

Litinin, 20 ga Janairu

Na manne farar takarda a kan gida na 60, na rubuta "Gida". Kalmar lada ta fita, maki ya shigo. Babu ɗan ludo: amsa daidai gida uku, amsa da taimakon aboki gida ɗaya. Katunan kuma zan riƙa kiransu takardun tambaya, don kunnen iyaye da ya ji kati sai ya tuna karta.

Laraba, 22 ga Janairu

Sabon tsarin ya kawo tasa matsalar. Da aka cire sa'a, sai wasan ya zama jarrabawa. Yara uku da suka fi kowa hadda su suka cinye, kamar yadda suke cinye kowace jarrabawa, masu rauni kuma suka janye jiki suka koma bango. Da na ga haka sai na naɗe kwalin, na ce mu yi kacici-kacici. Na raba su gida biyu, na ce, "Abu ne, ba ka biya ko sisi, amma idan ka sakar wa ɗan'uwanka shi an rubuta maka sadaka." Suka yi ta lalube, wani ya ce ruwa, wata ta ce addu'a. Da suka gaza na ce a ba ni gari, suka ba ni Madina, na ce murmushi. Nan aji ya farka, har na bangon suka matso, kowa yana son ya ƙirƙiro nasa a ba shi gari. Wasan da suka gada daga kakanninsu ya yi abin da kwalina na dare biyu bai yi ba, kuma ko kwabo ban kashe ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Asara. Tun makon jiya na kai takardun tambaya wani shagon buga takardu don a buga su da kwamfuta a yi musu laminatin, saboda na hannu sun fara yagewa. Na biya 4,500. Yau na karɓo a gurguje ban duba ba, sai a gida na ga Larabcin duk ya wargaje: haruffa a rarrabe, kowane yana tsaye shi kaɗai, kuma sun juya daga hagu zuwa dama. Manhajar da ya yi aikin da ita ba ta iya haɗa rubutun Larabci, shi kuma ba ya karanta shi balle ya lura. Na koma, ya ce shi abin da na turo ya buga, in ina son sabo sai na sake biya. Ban ja maganar ba.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne hadisan Annabi ne a hargitse a cikin leda, ba zan ba yara ba, ba zan zuba a shara ba. Na ɓare ledar ɗaya bayan ɗaya na ƙona takardun a bayan gida, na binne tokar. Ina cikin yi na tuna ranar gwajin farko yadda katuna suka riƙa faɗuwa ƙasa ana takawa. Daga yanzu babu aya ko matanin hadisi a kan duk abin da zai shiga hannun yara lokacin wasa. Lambar hadisi da tambaya da Hausa sun isa, matanin su kawo shi daga ka.

Laraba, 29 ga Janairu

Ba wasa. Ƙura ta yi yawa, yara 11 ba su zo ba, ni ma tari nake.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Jiya Juma'a na je gaida Hajiyarmu, na tarar tana aunar gero da wata mai talla. Mai tallan ta cika mudu ta shafe bakinsa, Hajiya ta ce, "A'a 'yar nan, yi masa tozo yadda kika saya." Ina kallonsu tunanin ya zo min. Yarana duk 'yan aike ne, kullum suna hanyar shago da kuɗi a hannu, wasu ma suna ɗaukar talla da safe. Can ne ake gwada gaskiyarsu kowace rana. Kuma bana muka haddace Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage.

Zan buɗe kasuwa a aji. Rumfa biyar, kowace da masu sayarwa biyu, sauran masu saye. Gwangwanin madara zai zama mudu. Gero daga gida, gyaɗa ta naira 2,000, ƙwallon dabino da na tara, kuɗi kuma in yanka da kwali, ƙarin kwali biyu 800.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da na fi jin daɗi tun da na fara, ko da yake ba sumul aka yi ba.

Kafin su shigo na shirya tarko uku ban gaya wa kowa ba. A kwanon gyaɗar rumfa ɗaya na zuba ruɓaɓɓu kamar ashirin a sama. A wata rumfar na ba su gwangwani biyu, ɗaya na lotsa gindinsa ciki yadda zai ci ƙasa da ɗayan. Sannan na raɗa wa yara uku masu saye cewa su biya fiye da kuɗin kaya kamar sun yi kuskure, su juya su tafi.

Masu gwangwani biyu suka lura nan take. Suka yi shawara ƙasa-ƙasa, sai ɗayan ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wannan mudun ba shi da lafiya." Na ce su yi yadda suka ga dama, suka ajiye shi gefe. Cikin ukun da aka biya fiye da ƙima, biyu suka bi mai saye da canji, ɗaya ya soke a aljihu ya yi shiru. A rumfar gyaɗa kuwa, ina kallo yaron ya sa hannu ya juya kwanon, ruɓaɓɓun suka koma ƙasa, masu kyau suka hau sama. Ya yi shi da gwaninta, irin ta wanda ya taɓa gani ana yi. Wata yarinya ta saya, ta zazzage a hijabinta, ta ga baƙaƙe, ta dawo tana masifa. Kasuwa ta kaure.

Na tsayar da wasa, na zaunar da kowa. Ban kira sunan kowa ba. Na ba su labarin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira: Annabi ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu, yatsunsa suka taɓo laima. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ban taɓa ganin ajin nan ya yi tsit haka ba. Na tambayi yarinyar yadda ta ji da ta ga ruɓaɓɓun, ta ce kamar an raina ta. Na ce wa zai so a yi masa haka? Sai autan ajin, wanda ko fassara ba ya iya kawowa daidai, ya ce, "Malama, ai shi ne hadisin Anas." Wata guda ke nan ina jiran wani ya faɗi wannan da kansa.

Bayan an tashi mai gyaɗar ya tsaya yana naɗe tabarma, abin da bai saba ba. Da kowa ya fita ya ce, "Malama, ni ne." Na ce na sani, kuma na ji daɗi da ya faɗa. Wanda ya soke canjin bai zo ba. Da na ƙirga kuɗin kwalin, takarda ɗaya babu. Na bar shi tukuna.

Gero ya zube sosai, sai da muka yi shara. Mako mai zuwa yashi zan sa a madadinsa, abinci bai kamata ya zama abin takawa ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Tun ranar kacici-kacici na ce ɓangaren da ya ci zan kawo masa alawa, sai rashin lafiya da hidimar kasuwa suka mantar da ni. Yau wata yarinya ta same ni a bakin ƙofa ta ce a hankali, "Malama, kin ce za ki kawo." Kwana 18 suna jira. Hadisin Abdullahi ɗan Amir ya faɗo min: mahaifiyarsa ta kira shi tana cewa zo in ba ka, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Na aika aka sayo ta 1,800, na ba su haƙuri a gaban aji, na gaya musu hadisin. Na raba wa kowa, har waɗanda ba su ci ba, bayan na nemi izinin masu nasarar. Daga yau na daina alkawarin kyauta, don na lura an fara tambayar me za a samu kafin a fara wasa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kasuwa karo na biyu, da yashi. Na naɗa sarkin kasuwa mai duba mudu da raba gardama, za a riƙa juya muƙamin kowane mako. Lafiya aka tashi. Da na ƙirga kuɗin kwali na same su cif, takardar da ta ɓata ta dawo cikin gwangwani. Salatif 600.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Iyaye mata biyu suka zo. Ta farko godiya ta kawo: 'yarta ta koma shago da kanta ta mayar da naira 200 da mai shago ya ƙara mata a canji. Ta biyu kuwa ƙorafi ne, kuma tana da gaskiya. Ɗanta ya tsaya a kan kakarsa tana aunar wake za ta sayar, ya ɗaga murya a gaban mai saye ya ce tana tauye mudu, zai gaya wa Malama. Tsohuwar ta yi fushi har ta ƙi cin abinci. Uwar ta ce, "Malama, gaskiya kuke koya musu ko rashin kunya?"

Wannan gibi nawa ne. Na koya musu gane algus, ban koya musu yadda ƙarami yake magana da babba ba, sarkin kasuwar da na naɗa ma ya ƙara musu son kama mai laifi. Na roƙe ta ta kai wa tsohuwar gaisuwata da ban haƙuri, ranar Juma'a kuma zan je da kaina tare da yaron.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na ajiye kasuwa, muka yi kwaikwayo. Mutum biyu-biyu, ɗaya kaka ɗaya jika, ko yaya da ƙane, a ba su matsala su nuna yadda za a faɗi gaskiya ba tare da an kunyata babba ba. Muka karanta aya ta 23 a Suratul Isra'i da ta hana ce wa iyaye ko da "tir", da wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa cewa ya sassauta muryarsa. Wata yarinya ta burge ni: ta durƙusa ta ce, "Kaka, kawo in taya ki aunawa, hannunki ya gaji," ta cika mudun da kanta. Maza sun fi shan wahala, dariya take kwace musu. Sai an maimaita.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Lissafi: 7,100 kayan farko, 4,500 bugun da ya lalace, 2,000 gyaɗa, 800 kwali, 1,800 alawa, 600 salatif. Jimla 16,800, na haura abin da na ware da 1,800. Kwalin gida 60 yana bayan ƙofa, ban yanke shawara a kansa ba. Ranar Juma'a mun je wajen kakar yaron, ta haƙura, har ta ba shi gyaɗa.

Ana sa ran azumi ƙarshen makon nan, karatu zai koma safe. Yara 14 sun ce bana za su gwada azumin farko. Laraba 26 ga wata zan zo da ulu da tsummoki kowa ya ɗinka ƙwallo ko jakar ƙwallayen dabino da zai riƙa wasa da ita bayan azahar, lokacin da yunwa ta fi cizo. Malamar aji biyu ta ce in ara mata gwangwanayen kasuwa, zan rubuta mata tsarin a takarda, in sa mata batun girmama manya tun a makon farko. Gobe kuma zan tambayi Malam hukuncin dara kafin in sa ƙanena kafinta ya fafe mana katako mai rami 30.